Itacen Jego

A garinmu Tsaskiya, idan cikin matarka ya kai wata bakwai, ba sai an gaya maka aikinka ba, ka fara tara itace ke nan. Kwana arba'in za ta yi bayan haihuwa tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kuma tukunyar wankan jego ba ta da tausayi wajen cin wuta. Maza har gasa suke yi da tsibin itacen a bayan ɗaki, mai wucewa ya leƙa ya san irin mijin da ke gidan.

Shekarar da aka haifi 'yarmu ta huɗu, tsibina ko gwiwa bai kai ba. Da laifina a ciki, don ni mutum ne mai yawan cewa sai gobe. Amma kuma daji ya riga ya fi ƙarfinmu. Wurin da muke saro itace tun muna yara, can ta hanyar Runka, 'yan bindiga sun mayar da shi gida. Masu amalanken da ke kawo itace gari sun daina zuwa, tunda aka ƙwace shanun wasu, wani kuma shi kansa ba a sake ganinsa ba.

A kan haka sanyin ya sauko, kwana uku bayan suna. Na ga sanyi iri-iri, ban ga irin wannan ba. Iska ce ke kaɗawa ba tsayawa, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta bi ta wuyan riga, har ƙashin mutum ya riƙa ciwo. Man gyaɗa ya daskare a kwalba. Ruwan randa idan ka sa hannu sai ka ji kamar an sare ka. 'Yan awakina biyu da aka haifa makon nan na tarar da su a sandare a gindin turke. A firamaren da nake koyarwa muka daina shiga aji, sai mu jera a jikin bangon gabas muna jiran rana, ita ma in ta fito ba ta da wani ƙarfi. Sahun Asuba ya koma mutum biyar, uku a ciki tsofaffin da barci ya riga ya ƙaurace musu.

Mai yi wa matata wankan ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai faɗa, ita ta yi wa duk matan gidanmu wankan jego, kuma ba ta taɓa rage ko kwana ɗaya ba. Ta cika tukunya, ta tafasa ruwan har ya riƙa tsalle, ta tsoma ganyen darbejiya ta bi jikin mai jego da shi. Ni kuwa ina tsaye ina kallon itacena yana zama toka.

Da tsibin ya kusa ƙarewa na koma kan karan dawa, wanda ke ci bal-bal ya mutu kafin ruwa ya yi ɗumi. Na cire dangar bayan gida. Na haƙo kututturai a gonar bakin gari da hannuwan da suka tsattsage, na tsinci busasshen kashin shanu ba tare da jin kunyar kowa ba. Na gaji, gajiyar da ko na kwanta ba ta sauka. Kuma na ji haushin Gwaggo ƙwarai, har nakan ce a raina tsohuwar nan ba ta san ciwon gatari ba.

Wata safiya na lallaɓa ta. Na ce, “Gwaggo, ma'aikaciyar asibiti fa ta ce ruwan ɗumi ya isa, ba sai ya tafasa ba. Ko a mayar da wankan sau ɗaya?”

Ba ta ko ɗago ba, tana tura itace. “Ita ma'aikaciyar nawa ta haifa? Cikin wanga sanyi zan bar ɗiyar mutane da ɗanyen jiki? In sanyi ya shige ta, kai za ka ɗauki ciwon ko ita? Tashi ka ba ni wuri, ɗan nan.”

Matata tana jin mu daga ɗaki. Daga baya ta gaya mini ita ma tsoron sanyin take yi, uwarta ma haka aka yi mata.

Ranar da aka cika kwana ashirin da biyu na wasa gatari, na ari jaki, na ce daji zan shiga, abin da zai faru ya faru. Gwaggo ta tsaya a bakin zaure ta riƙe igiyar jakin.

“Ina za ka tahi?”

“Itace, Gwaggo. Abin da ya rage ba zai kai jibi ba.”

“Ba inda za ka. Ba a kaina za a bar yara huɗu marayu ba.”

Na nuna mata rumfar ƙofar gida, wadda mahaifina ya kafa da dirkokin ƙirya masu kauri, inda yake zama da baƙinsa har ya rasu. Na ce to bari in tuge ta. Ta harare ni. “Rumfar Yaya? Ina raye? Mayar da jakin mutane. Itace zai isa.”

Kuma ya isa. Kullum ina kawo ɗan abin da na tsinto, kullum tukunya na tafasa sau biyu. Ya kamata in tambayi kaina yadda aka yi. Ban tambaya ba, don na gaji, kuma na ji daɗin an sauke mini nauyi.

Abin da ban lissafa ba shi ne wutar Gwaggo. Gadonta na ƙasa ne, irin na tsofaffi, mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi ya gasa shi. Kowace yamma nakan ware mata 'yan itatuwa in ajiye a ƙofar ɗakinta, in wuce. A kwana na talatin da biyu ba ta fito da sassafe ba, sai tari nake ji. Na yi sallama na shiga gaishe ta, na zauna a bakin gadon. Sanyinsa ya ratsa wandona. Na duƙa na leƙa ramin: a share yake tas, ko ƙurar toka babu. Kwana goma ke nan tana kwashe rabonta tana kai wa tukunya, ita kuma ta kwanta a kan ƙasa mai sanyi da zane biyu.

Na ce, “Gwaggo, me ya sa?”

Ta ce, “Kar ka cika ni da surutu. An ɗora ruwa?”

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na fita na tuge rumfar nan ni kaɗai, dirka bayan dirka, maƙwabta na kallo ba wanda ya tambaye ni dalili. Ƙirya itace ce mai riƙe wuta, na cika ramin gadonta da garwashi har ɗakin ya yi gumi. Ta ga guntayen, ta gane su, ta juya fuskarta bango.

Washegari muka sa ta a tsakiya a kan babur, ni da ƙanena, muka kai ta asibitin Batsari. Aka ce sanyi ya kama mata haƙarƙari, kuma mun makara. Kwana uku ta yi a can. Duk sanda ta farfaɗo tambayarta ɗaya ce, wa ke yi wa yarinyar nan wanka, kuma yana tafasa kuwa? Nakan ce maƙwabciyarmu ce, kuma yana tafasa. Gaskiya nake faɗa mata, don yanzu akwai itace.

Ta rasu saura kwana huɗu a yi arba'in. A lokacin iskar ta kwanta, mutane sun fara cire rigunan sanyi. Muka kawo ta gida da hantsi. Matan da za su yi mata sutura suka aiko a ɗora ruwa. Na ɗauko ragowar ƙiryar na jera a murhu, na cika tukunyar, na zauna ina fifita wutar. Ɗaya daga cikinsu ta leƙo ta ga yadda nake tura itace, ta ce, “Malam, rage wutar nan. Ɗumi kawai ake so.”