Hannun Daman Iliyasu Mai Fom

Duk Bahaushen Agege da ke da ɗan'uwa a ƙetare ya san teburin Iliyasu, a gindin mangwaron da ke ƙofar gidan waya. Mai aika tsaraba Makka ko Landan ko Kumasi, sai ya fara tsugunawa gabansa, don ba a karɓar ƙunshi sai da fom na kwastan: mene ne a ciki, guda nawa, kuɗinsa nawa. Iliyasu ke cikawa, mai kaya ya dangwala yatsa.

Ba da biro ya fara ba. Shekarar da aka samu 'yanci ya sauka Agege daga jirgin ƙasa mai ɗaukar shanu, ɗan Ɗambatta mai aji huɗu na boko da ƙarfi kamar ɗan maraƙi. Ya kama fiɗa a kwata, a ƙarƙashin Sanda, dillalin fata. Shekara uku yana yi, har ranar da wuƙarsa ta zame ta huda fatar wani bajimi. Sanda ya zo ya duba fatar. Ya ɗauki ƙotar gatari ya sauke masa a hannun hagu sau uku, a gaban mahauta, sa'annan ya koma cinikinsa. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma hannun ya shanye, ya lanƙwashe a ƙirji. Daga nan damansa kaɗai ke ciyar da shi da matarsa Talatu da 'ya'ya huɗu.

Ba dukan ne ya fi cin Iliyasu ba. Abin da ya hana shi barci shi ne Sanda ya manta. Shekara goma sha ɗaya yana wucewa ta gaban teburin, ya zama Alhaji, arzikin man fetur ya sa ya yi mota, ko sau ɗaya idonsa bai tsaya a kan wannan hannu ba.

Wata safiya sai ga Sanda da ƙunshi an ɗinke da alawayyo.

"Malam mai fom, Kumasi za shi. Ƙanwata Kalsum za ta aurar da 'yarta. Leshi uku, atamfa turmi huɗu."

"Nawa za a sa, Alhaji?"

"Ita za ta ga takardar?"

"A jikin ƙunshin ake liƙawa."

Sanda ya shafa gemu. Kayan ba su wuce naira tamanin ba. "Sa ɗari takwas. Mijinta ya taɓa ce mini mai warin fata. Bari ya karanta."

Iliyasu ya san abin da kowane mai cika fom ya sani: a kan kuɗin da aka rubuta ake yanka wa mai karɓa kuɗin fito. Sau ɗari ya hana masu son nuna isa yin wannan wauta, har wasu su tashi suna jin haushinsa. Ran nan ya buɗe baki, ya dubi zoben da ke yatsan Sanda, ya rufe. Ya rubuta ɗari takwas da rubutunsa mafi kyau. Ya gaya wa kansa umarnin mai kaya ya bi. Amma da ya koma gida sai da Talatu ta tambaye shi me ya sa yake ta murmushi a kan tuwo.

Bayan wata huɗu Sanda ya dawo da hantsi. Ya jefa ƙunshin a kan teburi, ƙunshin ya yi dauɗa, duk jikinsa hatimi. Ya ɗora wasiƙa a kai.

"Kayan sun dawo, ga takarda ta biyo. Karanta mini."

Iliyasu ya bi layukan da ido tukuna. Sanda bai iya boko ba. Da Iliyasu ya ga dama sai ya ce adireshi ne aka ɓata, ya ƙara da gaisuwa, a tashi lafiya. Ya san kuma irin mutumin da ke tsaye a kansa. Sai dai ya gane, a wannan zama, cewa wata huɗun nan ba ya jiran Kalsum ta sha wuya, don bai ma san fuskarta ba. Yana jiran Sanda ya dube shi ne. Ya gyara murya ya karanta, bai tsallake ko kalma ba.

"Yaya, an kira ni gidan waya, an ce sai na biya fito a kan kuɗin da ka rubuta. Na sayar da 'yan kunnena, kuɗin bai kai ba. Na bi gidajen Hausawan zango ina nema, suna ce mini mai yaya irin wannan ba ya roƙo. An yi bikin 'yata Baiwa ina ɗaure da tsohon zanena. Akawun nan ya ce wanda ya cika takardar, in ba jahili ba ne, to mugu ne."

Masu jiran layi suka juyo suna kallo. Sanda ya sunkuyo har Iliyasu ya ji warin goron bakinsa.

"Kai wanne ne a ciki?"

"Shekarata goma sha ɗaya a nan, Alhaji. Ba a taɓa dawo mini da fom ba."

"Ka sani ke nan."

"Na sani."

Marin farko ya cire masa hula. Na biyu ya kai shi ƙasa da kujerarsa. Sanda ya bi shi da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari, a baki, har haƙori ya faɗi cikin ƙasa. Wata Bayarabiya mai sayar da lemo ta yi ta kiran oga, oga, ba wanda ya matso. Amadou, ɗan Nijar mai ɗinkin ƙunshi, ya tattara allurarsa ya koma bayan mangwaro.

"Me na yi maka, ɗan banza?"

Iliyasu ya tofar da jini, ya ɗaga shanyayyen hannun iyakar inda yake ɗaguwa. "Kwata. Fatar bajimi. Ƙotar gatari."

Sanda ya daɗe yana kallon hannun. Ya girgiza kai. "Yaran da na daka a kwata ai ba su ƙirguwa. Tashi ka zauna."

Ya ɗaga shi da wuyan riga ya dangwarar da shi a kan kujera, ya sayo sabon fom da kansa, ya shimfiɗa. Sa'annan ya ɗauki dutsen da Iliyasu ke danne takardu da shi, ya riƙe.

"Cika mini na gaskiya. In ka gama, ka bar hannun a kan teburi."

Iliyasu ya ɗauki biro. Bai taɓa lura fom ɗin gajere ne haka ba. Suna. Adireshi. Leshi uku. Ya ja kowane harafi a hankali, jini na ɗiga daga haɓarsa yana kauda takardar kada ta ɓaci. Ya yi tunanin gudu, haƙarƙarinsa suka ce a'a. Ya yi tunanin roƙo, ya tuna Talatu da yara, har kalmar ta zo bakinsa. Sai ya ga in ya roƙa, gobe ma Sanda zai manta da shi. Ya rubuta naira tamanin, ya miƙa tawadar dangwale.

Sanda ya dangwala, ya ajiye fom a gefe guda. Dutsen ya sauka a hannun daman Iliyasu sau biyu.

Yatsu uku suka karye. Mai ɗori ya haɗa su, suka warke a sandare. Da Iliyasu ya koma gindin mangwaro bayan wata biyu, akawu ya dawo da fom ɗinsa na farko, ya ce ba ya karantuwa. Ya dawo da na biyu. Kafin sallah wani ɗan Zariya ya kafa teburi a wurin.

Har yanzu Iliyasu yana ƙofar gidan waya. Yakan zo tun ba a buɗe ba ya kama layi, ya sayar wa mai sauri da gurbinsa a kan kwabo goma. In ya ga mutum da ƙunshi yana shafa gemu, yakan matsa ya gaya masa kada ya ƙara ko sisi a kan kuɗin kayan. Wannan ba ya karɓar komai a kansa.