Shekara Talatin a Bayan Manu

A Matameye, in aka tashi yi wa ƴan talla masu son jiki gori, da Baiwa mai ƙuli-ƙuli ake ba su misali. Ta haura sittin, amma tun hantsi har la'asar tana tafe da faranti a ka, daga tasha zuwa bakin kasuwa, daga can zuwa bayan lakwal, makarantar boko, wani lokaci har hanyar Dawce inda ba mai sayen komai sai awaki. Mutane sai yaba himmarta suke yi. Waɗanda suka san gidan kuwa sun san ba ciniki take bi ba. Ɗanta Manu take bi, farantin don a samu na cefane ne, kuma don kada a ce tsohuwa ta zauce.

Manu shi ne ɗanta na biyu, shekararsa talatin da shida. Yana ɗan shekara huɗu sanƙarau ya kama shi. Allah ya tashi kafaɗarsa, sai dai maganarsa ta tsaya a kalma biyu ko uku, ƙafarsa kuma ta ƙi tsayawa wuri ɗaya sam. Ya girma dogo, ƙaƙƙarfa, mai faɗin ƙirji. Da ya sha kokonsa da safe sai ya miƙe ya fice. Ba ya bara, ba ya dukan kowa, ba ya taɓa kayan mutane. Tafiya kawai yake yi, hannu a baya, kamar mai gona ya zo duba iyaka. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi likita Damagaram har sau uku, ƙafar nan ko gezau.

Lokacin da mijinta Malam Isufu yake da rai, raba aikin suke yi, ita safe shi yamma. Tun da ya rasu, shekara goma ke nan, duka ya dawo kanta. Ba ta taɓa zama a gidan biki har a raba abinci ba. Ko sallah da kunne ɗaya take yi, ɗayan yana bakin ƙofa, Allah ya yafe mata. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya kawarwa, amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Farkon daminar bana, ranar kasuwa, takalminta ya tsinke. Ta duƙa ta ɗaure shi da tsumma, ta ɗago, babu Manu. Ta zaga gari har muryarta ta dushe. Sai bayan la'asar wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo shi, yana ta faɗa. A tsakiyar kwalta ya same shi, can kusa da iyakar Nijeriya, sai da ya kauce ya faɗa gonar mutane da mota cike da kaya kafin ya tsira daga take shi.

Washegari babban ɗanta Abdurrazak ya je maƙera. Shi ne mai fataucin wake da gyaɗa, shi ke ciyar da gidan, shi ke yi wa Manu aski da hannunsa kowace Juma'a, don haka ba wanda zai ce ba ya son ƙanensa. Ya dawo da sarƙa da kwaɗo. Ya zauna a tsakar gida yana naɗe ƙarfen da tsumma don kada ya ci idon sawu, wannan naɗin ne ya fi ƙona wa Baiwa rai.

"Inna," in ji shi, "gara in gan shi a gindin darbejiyar nan da in kwaso shi a tabarma. Ke ma ƙafarki ta ƙare."

"Ɗan'uwanka ba rago ba ne, Abdu."

"Na sani. Gobe zan tafi Kano, kwana goma zan yi. In kin samo wata dabara kafin in dawo, na fi kowa murna. In babu, sai ki yi haƙuri."

Ya rataye sarƙar a zaure ya tafi. Baiwa ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Duk shiga da fita sai ta gan ta.

A bayan kasuwa akwai wani gida da ƙungiyar naƙasassu ta gari ke riƙe da shi, mutane na ce masa santir. Ana buɗewa da safe a tashi da azahar. Manyan mutane ne ke zuwa, guragu da makafi da kurame, wasu na haɗa sabulun ruwa, wasu ɗinki, wasu saƙar kujerun roba, da rana a ci shinkafa da wake tare. Baiwa ta wuce ƙofar nan ya fi sau dubu a bayan Manu, ba ta taɓa leƙawa ba. Ran nan ta kamo hannunsa ta ja shi ciki.

Mai kula da wurin, Madam Zuhra, mace ce gajera mai dogara sanda biyu, shan-inna ya taɓa ta tun tana yarinya. Ta saurari Baiwa har ƙarshe, har zancen sarƙar.

"Ki kawo shi kullum, mu gwada," in ji ta. "Amma ki sani tun yanzu, ƙofar nan ba a kulle ta. Wanda ya shigo da kansa zai fita da kansa."

Aka fara da sabulu. Aka ba Manu muciya ya juya, ya juya sau biyar da ƙarfin da ya kusa kifar da robar, ya ajiye ya nufi ƙofa. Baiwa na zaune a bakin ƙofar da farantinta, ta maido shi. Washegari aka kai shi wajen masu ɗinki ya riƙa naɗe zare, ko minti goma bai yi ba. Rana ta uku aka haɗa shi da Sallau mai saƙar kujera, wani gurgu mai furfura a gemu wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Sallau ya nuna masa yadda ake jan roba sau ɗaya, sau biyu, ya waiwaya ɗauko wuƙa, ya juyo ya tarar da iska.

"Madam," in ji Sallau, "wannan ai ba ɗalibi kika ba ni ba, guguwa ce. Mu da ba mu da ƙafa muna nema, shi an ba shi ta mutum uku."

Aka yi dariya, Baiwa ba ta yi ba. Lissafin kwanaki take yi. Duk wanda ke wurin, har ita, abu ɗaya suke so, Manu ya zauna. An sa masa tabarma, an sa masa kujera, an kunna masa rediyo, an ba shi abinci kafin lokaci. Rana ta biyar Baiwa ta zauna kusa da shi ta danne gefen rigarsa da gwiwa, sai ya tuɓe rigar ya bar mata ya fita. Rana ta shida ta roƙi Madam Zuhra a rufe ƙofar ko na awa ɗaya ne.

"In na rufe, me ya raba ni da babban ɗanki?" in ji Madam. "Sai dai tawa darbejiyar ta fi faɗi."

Baiwa ta ji haushin maganar ƙwarai, don ta san gaskiya ce.

Kwana na bakwai aka wayi gari da ruwan sama mai ƙarfi. Ruwa ya kwaso rairayi ya zuba a lunguna, kamar yadda yake yi kowace shekara. Kekunan guragu da wani furoje na agaji ya raba wa ƴan santir masu kyau ne, da hannu ake murza su, amma wanda ya ƙera su kwalta ya sani, bai san rairayin Matameye ba. Ran nan rabin mutane ba su iso ba. Manu ya shiga, ya zaga tsakar gidan sau ɗaya, ya fita, Baiwa ta ɗauki faranti ta bi shi.

A lungun bayan masallaci suka ci karo da Sallau, kekensa ya nutse har rabin taya, yana murzawa yana gumi yana tsine wa rairayi da wanda ya ƙera keken. Manu ya tsaya. Ba wanda ya ce masa komai. Ya sa hannu biyu a bayan keken ya tura, keke ya fito kamar an zare ƙaya. To, sai dai bai tsaya ba. Ya ci gaba da turawa, suka wuce ƙofar santir a guje, suka nufi tasha, Sallau na ihu yana jan birki, Baiwa na biye tana haki.

Can Sallau ya gaji da ihu, ya karkata kan keken dama don ya kauce wa wani jaki. Manu ya bi dama. Sallau ya lura. Ya karkata hagu, Manu ya bi hagu. Ya zagaya da su ta bayan kasuwa a hankali, har cikin tsakar gidan santir, ya danne birki ya ce, "Mun iso." Manu ya saki keken yana murmushi.

"Madam," in ji Sallau yana share gumi, "kwana shida muna wahalar banza. Wannan mutum ba zama yake so ba. Ƙafa gare shi, inda za shi ne bai da. Mu kuwa mun san inda za mu."

Nan take Madam Zuhra ta lissafa masu keke da ke maƙale a gida, mutum huɗu ban da Sallau. Ran nan Sallau ne ya yi wa Manu jagora gida-gida, yana mita wai shi mai saƙa ne ba ɗan rakiya ba. Washegari ma haka. Rana ta tara ya ce ya gama, kujerun mutane na jiransa. Daga nan dole Manu ya riƙa komawa shi kaɗai, hannu wofi, daga santir zuwa gidan na gaba. Wannan komawar ce ta hana Baiwa sukuni, don hanyar gidan Aziza mai ɗinki, ta ƙarshe a layi, sai ta ratsa mararrabar da kwalta ke miƙewa zuwa iyaka. Ran nan da suka kusa wurin Baiwa ta riƙe hannunsa ta tsallakar da shi, don haka ba ta san abin da zai yi ba in ba ta nan.

Abdurrazak ya dawo ran da ya ce. Ta ba shi labari tun bai cire takalmi ba. Ya saurara, ya girgiza kai.

"Inna, ai tafiyar ce dai a kan hanya. Kuma kina bayansa. Ran da takalminki ya sake tsinkewa fa?"

"Ka zo gobe ka gani."

"Zan zo. Amma ki ba ni alkawari ba za ki taɓa shi ba, ba za ki kira shi ba. In ya hau kwalta ni zan kamo shi, kuma kin san sauran."

Da safe suka bi shi daga nesa. Ya ɗauko Sallau ya kai, ya ɗauko na biyu, na uku, na huɗu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Sannan ya fito daga santir hannu wofi ya nufi mararraba. Da ya kai bakin kwalta sai ya tsaya, ya mai da hannu baya, ya juya fuskarsa kudu yana kallon hanyar da ta miƙe. Wata motar ƴan kasuwa ta wuce. Bai motsa ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora a kan kwaltar.

Alkawari ya tashi. Baiwa ba ta san lokacin da ta isa gare shi ba, sai ganin hannunta ta yi a hannun rigarsa. Abdurrazak ya iso bayanta, fuskarsa ta gama faɗin komai.

Manu ya dubi hannun da ke riƙe da shi. Ya sa nasa hannun ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba da fushi ba.

"Inna, gida," in ji shi. Ya nuna tsallaken hanya da haɓa. "Aziza. Aiki."

Ya jira wani mai babur ya wuce, ya tsallaka, ya shige lungun gidan Aziza bai waiwayo ba.

Baiwa ta tsaya hannunta a buɗe. Daɗi ya kama ta, a cikin daɗin kuma akwai wani ciwo da ba ta zata ba, don tun da ta haife shi bai taɓa korar ta ba. Abdurrazak ya daɗe yana kallon bakin lungun. Sannan ya juyo gare ta ya ce:

"Mu bar shi ya yi aikinsa, Inna. Mu je gida."

Ta ce to. Suka juya. Ba su yi taku goma ba ta ga ƙafafunta sun karkata da kansu sun nufi kwalta. Ta ja su ta tsaya, ta miƙa wa babban ɗanta hannu, hawaye na zuba.

"Riƙe ni, Abdu," in ji ta. "Riƙe ni da kyau, kada in bi shi."