Mahaucin da Ke Son Sanin Hanyar Ɓargo

A layin mahauta ba mai kiransa da sunan yanka. Me-Ya-Sa ake ce masa, don tun yana riƙe wa ubansa ƙafar saniya ba ya barin abu ya wuce bai bi ba'asinsa ba. Me ya sa huhu ke tasowa kan ruwa? Me ya sa hantar wata saniya take da laushi, ta wata kuwa ta ƙandare kamar tsohon takalmi? Abokan sana'a sun yi tsokanar har sun gaji, shi ko a jikinsa.

Da girma ya kama shi, sai ciki ya fara kumbura, idanu suka yi rawaya. Likita ta ce hantarsa ce ta ƙandare. Babbar 'yarsa, wadda ta kai shi asibitin, ta fashe da kuka. Shi kuwa gogan naka kujera ya ja kusa da hoton hantar da aka ɗauka, wai a nuna masa ta ina abin ya soma.

Likitar ta ce akwai wani gwaji da suke yi: a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu, a tace ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zama komai ba, a mayar da su cikin jini, ko hantar za ta farfaɗo. Babu tabbas, in ji ta, kuma ba kowa ake ɗauka ba.

"Ɓargo?" ya ce. "Wanda nake ba masu saye gyara? To yaya zai gane hanyar hanta?"

"Abin da muke son ganewa ke nan, Baba."

Amsar ta kwanta masa. A gida ya hana kowa sakat, ya sa a kawo masa ƙashi ya fasa yana leƙawa, matarsa tana mita. Gaskiya ya sa rai ƙwarai, tsoro kuma yana cinsa, sai dai bai gaya wa kowa ba.

Da sakamakon awonsa ya fito, likitar ta sassauta murya. Ciwon ya yi nisa, ba za a iya sa shi cikin gwajin ba.

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Yaushe za ku san ko yana aiki?"

"Sai nan da wasu shekaru, Baba."

Ya jinjina kai, ya juya wajen 'yarsa.

"Ke za ki dawo ki ji. Kuma ki tsaya a yi miki bayani sosai, kada kunya ta sa ki ce kin gane."