Barkonon uwata a gidan Ba Ajimi

Ba Ajimi maƙwabcinmu ne a Dala, katangarmu ɗaya. Da can maigadi ne, shekara da shekaru yana tsaron kayan mutane, ko allura ba ta ɓata a hannunsa ba. Da ya ajiye aiki sai Allah Ya buɗe masa wata baiwar, dashen reshe. Zogale ne, shuwaka ce, lalle ne, ya yanko reshe, ya zage ganyen ƙasa, ya soka a buhun siminti mai yashi da kashin awaki, ya ajiye a inuwar dogonyaro. Tsakar gidansa yanzu ba wurin shimfiɗa tabarma.

Sai dai malamin namu yana da fatawarsa: wai reshen da aka roƙa ba ya kamawa, sai wanda aka yanka mai shi bai sani ba. Ni ban yi karatu ba, amma ina zuwa wa'azi, ban taɓa jin wannan babin ba. Reza ce a naɗe cikin hularsa. In ya je suna ko gaisuwar mutuwa, mutane na shafa fatiha, shi idonsa na kan shukar gida. Kuma ɗan sahun farko ne a masallaci, tubarkalla.

Ina da barkono gindi ɗaya, irin na mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Shi kaɗai na fito da shi daga garinmu. Ba Ajimi kuwa ya zama mai zumunci, kullum yana zuwa duba jikin maigidana, wanda ko mura ba ya yi. Barkono ya yi ta ramewa har ya koma kamar tsinken tsire. Da zafin bazara ya zo, ya ƙarasa shi.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Sai na leƙa ta katanga, ga jikokin barkonon uwata a jere cikin buhuna, sun yi ja wur.

Na sa hijabi na yi sallama. Na ce, "Baba, a taimaka mini da reshe ɗaya, na gidanmu ne."

Ya ce, "Maman Ridwan, in na ba ki na cuce ki, ba zai kama ba. Ki dai san dabara."

Na ce, "Wato in yi sata da furfurata?"

Ya ce, "Kai, wa ya ce sata? Dashe ne."

Ranar Juma'a ya tsaya a ƙofarmu yana ɗaga murya, wai shi ya tafi masallaci, iyalinsa sun je Bulumkutu, ƙofar ma ba ta rufuwa, kuma yau liman zai ja huɗuba. Na zauna na auna. Wanda ya yi wannan shelar ai ya ba da izini. Na shiga da bisimillah, na yanki reshe, na tsaya a tsakar gida na ce da ƙarfi, "Ba Ajimi, na ɗauka!" Kaji ne shaidata.

Reshe ya kama, har ya fara fure. Ni na ce halal ne ya sa. Shi kuma yana bin majalisa yana ba da labari, wai Maman Ridwan duk da carbinta hannunta ya fi nasa sauƙi.