Ɓangaren Ɗanasabe a Kwamfutar Zuwaira

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a Tudun Wada ya san Zuwaira mai tafireta. Tun 1984 take ɗan shagonta na bakin kasuwa, kuma matar nan, wallahi, ba ta yar da komai. Kowace takarda sai ta ajiye kwafinta, wai amanar mutane ce.

Mijinta Ɗanasabe, malamin lissafi, shi ya kinkimo mata tsohuwar kwamfuta daga Kano a 1996. Ya raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu kamar rumbu, ya ce, "Wannan naki, wancan nawa. Kar in ga ƙafarki a nawa." Shekara na zagayowa Allah ya yi masa rasuwa. Zuwaira ta riƙe maganar nan gam, ko leƙa ɓangarensa ba ta taɓa yi ba.

Wata ranar kasuwa sai ga Baffa Dikko, dattijon makiyayi daga Doguwa, yana son a rubuta koke kan burtalin shanunsu da aka nome. Washegari za a zauna a kan maganar, in babu takarda hanya ta tafi ke nan. Zuwaira ta gama buga shafi huɗu tsaf, sai na'ura ta ce atafau babu wuri, ta cika maƙil. Ajiyewa ta ƙi, fitar da takarda ta ƙi. Tafireta kuwa tuni tsatsa ta gama da ita.

Dole a goge wani abu. Ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya: takardar gonar Inna Saude, wasiyyar wane, shaidar filin wance. Ina! Hannunta ya ƙi.

"'Yata, lafiya kika yi jugum?" in ji Baffa.

Ta faɗa masa komai, har da ɓangaren marigayi da take jin nauyin taɓawa.

Tsohon ya gyara sandarsa. "Allah ya jiƙansa. Amma rumbun mamaci ai buɗe shi ake yi, ba a bar wa gara."

Ta yi bisimilla ta buɗe. Wayam! Fili fetal, sai takarda ɗaya tak mai sunanta. Ga abin da ke ciki: "Zuwaira, na san halinki, ba kya yar da ko tsinke. Wata rana naki zai cika, shi ya sa na ɓoye miki wannan. To, ba na ce kar ki shigo ba?"

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba, kewarsa ta dawo mata sabuwa fil. "Kai, Malam! Har yanzu ba ka daina tsokanata ba?"

Ta kwashe tsofaffin takardun mutane kaf ta mayar can, ko ɗaya ba ta goge ba. Wuri na samuwa ta fitar da koken a takarda. Baffa ya naɗe kokensa cikin leda ya kama motar Doguwa. Kwafin kuwa ta ajiye shi kusa da takardar Ɗanasabe.