Fim ɗin da Baba yake kallo da ƙeya

Telolin unguwar Briqueterie ba kallon fim suke yi ba, saurarensa suke yi. Kowane shago da 'yar talabijin a maƙale can sama, mai shago ya ba ta baya, idonsa na kan allura. Babana shi ne sarkin wannan ɗabi'a. Da ƙeya yake kallo, amma ka kuskura ka yi masa gardamar labarin, sai ka raina kanka.

Akwai wani fim na Indiya da ya fi so, faifan har ya koɗe. Ba faɗa a ciki, ba ƙarar bindiga, sai sarewa da wata mata mai waƙar rarrashin jariri. Baba ba ya jin Indiyanci ko na sayen gishiri, amma yakan fassara wa masu jiran ɗinki: "Kun ji ko? Cewa take ɗanta zai girma ya zama likita." Su kuwa su gyaɗa kai, don suna so a gama musu kayansu.

Ni ce mai sa maɓalli a lokacin, kuma bencina yana fuskantar talabijin, don haka na san abin da ke ciki. Tun farkon fim aka binne yaron, ba wanda ya ce uffan, sarewar nan kawai ke tashi. Duk waƙar da matar ke yi, zanen goyo take jijjigawa ba kowa a ciki. Har yau in na ji irin sarewar tsigar jikina tashi take. Amma ban taɓa faɗa wa Baba ba. Wa ya aike ni? Dama an ce bakina ya fi almakashinsa kaifi.

Sai yayata da ke aure a unguwar Nkomkana ta haihu, jaririn bai kai suna ba ya koma. Mako biyu ba ta ci, ba ta magana. Baba ya je gaisuwa sau ɗaya, ya zauna waje cikin maza, ya dawo kan keken ɗinkinsa.

Wata safiya ya ciro faifan, ya goge shi da gefen riga, ya naɗe a ƙyallen atamfa, ya miƙo min.

"Kai wa yayarki. Zai sanyaya mata zuciya."

Yaya ba tela ba ce, da ido za ta kalla.

"Baba, a bari dai ta ƙara warwarewa."

"Ke likita ce?"

"Ai na'urarsu ta lalace."

"To ɗauki tamu ki haɗa mata."

Ƙarya ta ƙare min, raina kuma ya ɓaci. Na mayar da faifan cikin na'ura, na dafa kujerarsa.

"Baba, don Allah juyo. Minti goma kawai."

Ya juyo yana mita, wai 'ya'yan boko ba sa barin mutum ya yi aiki. Ya ga an binne yaron. Ya ga zanen goyon. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, sai ka ce laifin gilashin ne.

"Tun yaushe ya rasu?"

"Tun farko, Baba."

"Kuma kina zaune kina jina ina cewa likita zai zama."

Kunya ta kama ni, tausayinsa ya fi kunyar.

Ya rufe shago da rana tsaka, ga kayan mutane jibge, ya tafi Nkomkana a ƙafa, hannu Rabbana. Daga baya Yaya ta ba ni labari. Bai tsaya waje ba, har ɗakinta ya shiga ya zauna a bakin tabarma. Ita ce 'yar farinsa, tun da aka haife ta bai taɓa faɗin sunanta ba saboda kara. Ranar ya kira ta da shi, ya tambaye ta ko ta ci abinci.