Shirun da Na Yi wa Rabi

Shekara talatin na yi ina aikin likita, na manta da abubuwa da yawa, amma ban da ranar da Rabi ta mayar wa Mushe Laminu goronsa. Ku sababbin shiga, ku saurara.

Lokacin ni ne majo, wato shugaban wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Dungass. Rabi ce ungozomarmu, shekararta ɗaya da gama karatu. Hannunta na da albarka, sai dai tsoron kuskure ya yi mata yawa, allura ɗaya sai ta duba ta sau uku. An sa ranarta da Laminu, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, da aka mayar Damagaram, yana son ta nemi sauyi zuwa babban asibitin can.

Tsakiyar damina, da azahar, aka kawo matar wani Malam Idi a amalanken jaki. Kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, gogan naka yana gona yana cewa a dakata tukuna. Rabi ta ceci jaririyar, uwar ta cika kafin la'asar.

A ƙa'idar aikinmu, in mace ta rasu wurin haihuwa ana zaman bincike, a bi takardu a ga inda aka makara. Ba a kama suna, ba a ɗora wa kowa laifi. Amma babban likitan da aka turo mana ya jagoranci zaman ko rajista bai buɗe ba. Ya dubi Rabi a gaban kowa ya ce, "Irinku ne ke kashe mana mata." Ni da na rubuta da hannuna cewa jinin matar ya riga ya ƙare kafin ta iso, na yi gum, ina tsoron kujerata. Tir da ni.

Daga nan Rabi ta shiga zarya gidan Malam Idi, tana kai wa jaririyar madara. Uwar Malam Idi kuwa, ku ji ƙarfin hali, ta ce mata, "Tun da a hannunki uwar ta tafi, ai ke ce uwarta." Su suka yi sakaci, ita suka bar wa kayan.

Da na ji ta fasa auren Laminu, na kira ta ofis, raina a ɓace.

"'Yata, me ya yi miki?"

"Bai yi komai ba, Baba Majo. Ina son sa. Amma in na kasa a nan mai gado huɗu, can fa? Kuma da wane ido zan sa lalle, yarinyar nan ba uwa?"

Na jawo rajistar na karanta mata, layi bayan layi, na ce wallahi ko wane ne a wurin ba zai tsai da matar nan ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Da a gaban mutane ka karanta, Baba."

Bayan kaka aka ɗaura aurenta da Malam Idi, ta ajiye aiki. Laminu ya zo sau biyu, ta ƙi fitowa.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu mai tsoron Allah ke ɗaukar laifin da ba nasa ba, mai sakaci ya yi barcinsa. In aka ci zarafin na ƙasa da ku, ku buɗe baki a zaman, ba a ofis ba. Har yau in ta gan ni a kasuwar Dogo-Dogo sai ta durƙusa ta gaishe ni, ni ne ba na iya duban ta.